Nimoniya mai tsanani da faɗuwar jini: ta yaya likitan emajansi ke hasashen wanda zai tashi?

Da zarar hunturu ya kankama a Zamfara, ƙura ta turnuƙe gari, sanyi ya sa ana hura wuta a ɗaki ana rufe ƙofa, toh masu tari da haki sukan ƙaru a emajansi, daga Gusau har Kaura Namoda da Talata Mafara. A irin lokacin ne masu jinya ke jin wasu maganganu daga bakin likita da ba sa gane kansu. A ce maka "makinsa ya yi sama", ko "jininsa ya faɗi, sai mun ga yadda zai kwana". Ga kuma saƙonnin da ake ta turawa a WhatsApp wai a Amurka kwamfuta ce ke faɗin wanda zai mutu tun kafin likita ya taɓa shi. Wasu sun ɗauki abin duba, wasu sun ɗauka hukunci ne da an yanke shikenan, har ka ji an ce a kwashe mara lafiya a koma gida kada a yi asarar kuɗi a banza. Hasashen nan yana da tushe da lissafi, yana kuma da iyaka, iyakar ma ta fi fitowa fili a asibitocinmu fiye da inda aka ƙirƙiro shi.

## Daga huhu zuwa sauran jiki

Nimoniya, ko limoniya kamar yadda wasu ke cewa, ciwon huhu ne. A cikin huhu akwai ƴan mitsi-mitsin jakunkunan iska miliyoyi, ta nan oksijin ke shiga jini. In ƙwayar cuta ta kama wajen sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, mutum ya yi ta jan numfashi amma iskar ba ta kaiwa inda ake so. Wadda ta fi shahara cikin ƙwayoyin ita ce nimokokus, akwai wasu bakteriya daban, akwai bairos irin na mura mai tsanani da korona, sannan tarin tibi ma kan zo da kamannin nimoniya sak. Ba shan ruwan firij ke kawo ta ba kamar yadda aka saba faɗa, sai dai ƙura da hayaƙin itace suna raunana hanyar numfashi, cunkoso a ɗaki ɗaya kuma yana sauƙaƙa yaɗuwa.

Sefsis shi ne matakin gaba, kuma huhu ne ƙofar da ya fi shigowa ta ita a wajen manya. A 2016 ƙwararrun likitoci daga Turai da Amurka suka sabunta ma'anarsa. Garkuwar jiki ce ta tashi faɗa da cutar, ta wuce gona da iri, har ta koma tana lalata kayan cikin mai ita, ƙoda, hanta, zuciya, ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jini su saki su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu zuwa nama, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi. In an yi ƙarin ruwa isasshe jinin ya ƙi tashi sai da allurar matse jijiya, kuma wani sinadari a jini mai suna laktet ya haura 2, wannan shi ake kira shok na sefsis. Masu wannan ma'anar sun ce a matakin nan sama da kashi 40 cikin ɗari ke rasuwa a asibiti, kuma fa alƙaluman daga asibitocin da ke da kayan aiki tsaf aka samo su.

A kula, faɗuwar jini a nan ba ƙarancin jini ba ne irin wanda ake neman dangi su ba da leda. BP ne ya sauka. Mutum na iya zama da jininsa cike amma ƙarfin tura shi zuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa ya gaza, shi ya sa fitsari ke ɗaukewa, mara lafiya ya fara sambatu, wani lokaci ƴan uwa su ɗauka iska ce ta taɓa shi a wuce da shi wajen mai magani.

Girman matsalar ba ɗan kaɗan ba ne. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu, kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen shekarar kenan, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari.

## Makin da ake lissafawa a bakin gado

Wanda aka fi sani ga nimoniya shi ne CURB-65, a Ingila aka fito da shi a 2003. Abu biyar yake dubawa, kowanne maki ɗaya: rikicewar hankali, sinadarin yuriya na ƙoda ya haura 7, numfashi 30 ko fiye a minti, BP na sama ƙasa da 90 ko na ƙasa 60 zuwa ƙasa, sai shekara 65 ko sama. Mai maki 0 ko 1 haɗarin ya mutu cikin kwana 30 bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, mai 2 yana tsakanin 3 da 15, daga 3 zuwa sama ya wuce 15. A binciken farko masu maki 4 wajen kashi 40 suka rasu, masu 5 kuma fiye da rabi.

Ɗauki misali, dattijo ɗan shekara 70 daga yankin Ɗansadau, kwana biyar yana tari da zazzaɓi ana masa allura a kemis, yau da asuba ya daina gane ɗiyansa. An iso da shi, nas ta ɗora hannu a ƙirjinsa ta ƙirga numfashi 32 a minti, BP 80 bisa 50, zuciya na buga 120. Tun kafin a ɗebi jini makinsa ya kai 4. Akwai ma wani lissafi na ka kawai, a raba bugun zuciya da BP na sama, lafiyayyen mutum yakan faɗa tsakanin 0.5 da 0.7, in ya kai 1 akwai matsala, na dattijon nan 1.5 ne. Likitan da ya ga haka ba zai bar shi a layi ba ko da mutum ashirin sun riga shi yankar kati, kuma ainihin aikin makin kenan, ya nuna wa za a fara kamawa, wa zai kwanta, wa ke buƙatar ɗakin kulawa ta musamman da mutane ke kira gobe da nisa.

Akwai wasu. PSI na Amurka, 1997, abu 20 yake dubawa, ya fi ƙwarewa wajen gane wanda za a iya sallama ya sha magani a gida, amma yana son gwaje-gwaje da hoton ƙirji. SOFA shi kuma na sefsis ne, yana auna sassan jiki shida, huhu, daskarewar jini, hanta, zuciya da jijiyoyi, ƙwaƙwalwa, ƙoda, kowanne daga 0 zuwa 4, jimla 24. Ƙaninsa qSOFA ba ya son gwajin jini ko ɗaya, numfashi 22 ko fiye, BP na sama 100 ko ƙasa, canjin hankali, in biyu suka haɗu a buɗe ido. Sai dai ƙa'idojin duniya na kula da sefsis da aka sabunta a 2021 sun ce kada a dogara da qSOFA shi kaɗai wajen tantancewa, saboda yakan bar masu ciwon da yawa su wuce bai kama su ba sai abu ya yi nisa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ma'anar kashi. In an ce kashi 40, ana nufin cikin mutum ɗari masu irin alamun nan, wajen arba'in suka rasu a asibitocin da aka yi binciken, sittin suka koma gida da ƙafarsu. Lissafin bai san ko dattijon Ɗansadau na cikin arba'in ko cikin sittin ba. Kamar manomi ne ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ya san a kwashe shanya, amma ba zai rantse a gonarsa za a zuba ba.

## Inda lissafin ke tuntuɓe a wajenmu

Na farko shekaru. An gina CURB-65 da PSI a ƙasashen da masu nimoniya yawancinsu tsofaffi ne, alhali a Najeriya waɗanda suka kai 65 kusan kashi 3 cikin ɗari ne na jama'a. Ga wata mata mai shekara 28, mai jego, numfashinta 34 a minti, hankalinta garau, BP 110 bisa 70, amma oksijin ɗin jininta ya faɗi zuwa kashi 84 cikin ɗari. A CURB-65 makinta 1 ne, wato a rubuce tana cikin masu sauƙi, alhali a zahiri tana bakin rami, don lissafin ba ya duba oksijin kwata-kwata. Matashi jikinsa yakan riƙe BP har ƙarshe sannan ya faɗi lokaci guda. Lissafin kuma bai san da sikila ba, bai san da ƙanjamau ko tibi ko yunwa ba, bai san maleriya na iya hawa kan nimoniya ba. Dattijon ma, wa ya san shekarunsa na gaskiya? Ɗa ya ce sittin, ƙane ya ce ai tun zamanin Sardauna yana kiwo, maki ɗaya ya tafi ko ya dawo.

Na biyu gwaji. SOFA yana son sakamakon ƙoda da hanta da wasu ƙwayoyin jini, wasu sassan ma sai an ɗebi jinin jijiyar bugu an auna iskar ciki. A manyan asibitoci irin FMC Gusau ko na koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato akwai lab, amma mafi yawan masu ciwon ba can suke fara zuwa ba, ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma ko na unguwa suke fara faɗawa, kuma ko ina ne gwajin daga aljihun dangi yake fita. Wannan ya sa wasu masu bincike suka fito da makin UVA a 2017, daga bayanan marasa lafiya a Gabon, Malawi, Saliyo, Tanzaniya, Yuganda da Zambiya. Shi zafin jiki yake dubawa da bugun zuciya da numfashi da BP da oksijin da hankali da kuma ko mutum na da ƙanjamau. Ya fi kusa da yanayinmu, duk da babu Najeriya cikin ƙasashen.

Na uku ƴar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna oksijin. Tana da matuƙar amfani kuma ba ta da tsada, amma haske take harbawa ta cikin fata, kuma baƙar fata na iya sa ta ƙara lamba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka kwatanta ta da gwajin jini, cikin waɗanda ta nuna wa 92 zuwa 96, baƙaƙen fata kusan kashi 12 cikin ɗari ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, a Turawa ƙasa da kashi 4 ne. Sanyin yatsa irin na mai shok da fentin farce ma suna rikita ta. Don haka in na'ura ta ce 93 amma mutum na haki hancinsa na buɗewa, ba ya iya ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, gogaggen likita idonsa zai bi.

## Awannin farko sun fi makin isowa magana

Makin da aka lissafa a ƙofa hoton lokaci ɗaya ne. Abin da ya fi nuna inda aka dosa shi ne yadda jiki ya karɓi magani cikin awa shida zuwa ashirin da huɗu, wannan ne ma'anar "sai mun ga yadda zai kwana", ba kauce wa tambaya ba ne. Ƙa'idar 2021 ta ce mai shok a ba shi antibayotik ta jijiya cikin awa ɗaya, a sa oksijin, a yi ƙarin ruwa, in BP ya ƙi tashi a sa noradirenalin, wato allurar matse jijiya, har matsakaicin bugun jini ya kai 65. Daga nan sai kallo. Laktet na sauka ko hawa yake? Fitsari ya dawo? Ana son rabin mil a kowane kilo a awa, wato mutum mai kilo 60 ya ba da wajen mil 30 a awa, shi ya sa za ka ga nas na ɗaga ledar fitsari tana dubawa tana rubutawa. Ana rage allurar matse jijiya ko ƙara ta ake yi? Ya fara gane mutane?

Akwai gwajin da ko sisi ba a kashewa. Likita ya danna kan yatsan mara lafiya da ƙarfi har wajen ya yi fari, ya riƙe daƙiƙa goma, ya saki, ya ƙirga. In jan ya dawo cikin daƙiƙa uku jini na kaiwa ƙarshen jiki, in ya daɗe fari fat akwai sauran aiki. A 2019 an gwada wannan da awon laktet a ƙasashe biyar na Kudancin Amurka kan mutum 424 masu shok. Waɗanda aka bi da gwajin yatsa wajen kashi 35 suka rasu, na laktet wajen 43. Bambancin bai kai a ce tabbas yatsa ya fi ba, amma ya nuna bai gaza ba, kuma ga asibitin da babu injin laktet wannan ba ƙaramin labari ba ne.

A kan ƙarin ruwa kuwa akwai ja-in-ja har yanzu. Ƙa'idar duniya ta ba da shawarar mil 30 a kowane kilo cikin awa uku na farko, leda kusan huɗu kenan na rabin lita ga mai kilo 60. Amma a 2011 wani gwaji kan yara sama da 3,000 a Kenya, Yuganda da Tanzaniya ya nuna waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, wajen kashi 10.5 a kan 7.3. A 2017 aka ga makamancin haka ga manya a Lusaka ta Zambiya, kashi 48 a kan 33. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne ruwan na iya taruwa a huhun da dama ya cika, kuma inda babu injin numfashi da zai tallafa sai abin ya zama illa. Masu kare ƙa'idar suna cewa yawancin majinyatan Lusaka masu ƙanjamau ne, da yawa ana zargin tibi, ciwonsu ya daɗe, ba za a shafa wa kowa ba. Abin da ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne a ba da kaɗan-kaɗan ana sauraron ƙirji. Mai jinya da ke ƙorafin an rage gudun ruwa, ko ya sa hannu ya buɗe da kansa in nas ta juya baya, ya san da wannan.

## Maganar kwamfuta

Gaskiya ne akwai manhajoji masu karanta bayanan majinyata su yi gargaɗin sefsis, amma labarin da ake yaɗawa ya fi su ƙarfi. Ɗaya daga cikin manyansu, ta kamfanin Epic da ɗaruruwan asibitocin Amurka ke amfani da ita, an gwada ta a Michigan a 2021, sai ga shi kashi 67 cikin ɗari na masu sefsis ba ta kama su ba, ga kuma yawan ƙararrawa a kan waɗanda ba su da shi. Ana ci gaba da gyara irin waɗannan, wasu sun fi wasu, sai dai duk suna cin bayanan da ake shigarwa kwamfuta awa-awa, asibitin da folda da biro yake aiki ba shi da abin ba su.

## Masu goyon baya da masu ja

Masu goyon bayan maki suna cewa a wajen da likita ɗaya ke riƙe da emajansi da dare, gadon kulawa ta musamman ƙalilan, silindar oksijin ana rabawa, dole a sami ma'aunin da ba ya duba fuska ko babbar riga. Yana taimaka wa sabon likita da ma'aikacin lafiya na ƙauye ya san yaushe zai tura gaba, kuma in ya buga waya Gusau ya ce CURB huɗu, na can ya gane nan take.

Masu ja suna da hujja mai nauyi. In aka ga maki ya yi sama aka sassauta ƙoƙari, ko dangi suka sa hannu suka tafi da mara lafiya, zai rasu, sai a ce ai lissafi ya faɗa, alhali janye hannun ne ya cika hasashen. Sannan maki mai kyau na iya sa a yi sake da irin mai jegon can.

Ta fuskar addini wasu na ƙyamar maganar gaba ɗaya, cewa ajali sanin Allah ne, kuma ƙarshen Suratu Luƙman ya faɗa cewa babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Likitocin da ke amfani da makin, yawancinsu a nan Musulmi ne, ba su musa wannan ba, abin da suke cewa shi ne suna auna tsananin ciwo ne daga alamun da ido ke gani don su san yawan ƙoƙarin da za a sa, ba ranar mutuwar kowa suke faɗa ba.

## Abin da ya shafi dangi

Babban abin da ke ɗaga makin mutumin Zamfara ba a asibiti yake faruwa ba. Kwanakin da aka yi ana jiƙe-jiƙe da allurar kemis, neman kuɗin mota, sannan hanya, wadda a yankuna irin su Maru da Zurmi da Shinkafi matsalar tsaro ta sa ba kowa ke yarda ya bi ta da dare ba, sai a jira gari ya waye da mutumin da numfashinsa ke sama-sama. Antibayotik ɗin da aka sha rabi-rabi a gida kuma yana iya hana a ga ƙwayar cutar in an yi gwajin shuka jini, wanda dama sai ya ɗauki kwana biyu zuwa uku, ga shi yana koya wa ƙwayoyin taurin kai. A tafi da kwalayen duk abin da aka sha a nuna wa likita, ba abin kunya ba ne. Babba mai tari da zazzaɓi in numfashi ya yi sauri, ko ya fara rikicewa, ko fitsari ya ɗauke wuni guda, ko hannu da ƙafa suka yi sanyi, lokacin asibiti ya yi a ranar. Yara lissafinsu daban ne, duk makin da aka ambata na manya ne: alamar haɗari ita ce jariri ƙasa da wata biyu numfashinsa ya kai 60 a minti, wata biyu zuwa shekara 50, shekara ɗaya zuwa biyar 40, ko a ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska.

Maganar tura mara lafiya gaba ma hasashen na shiga ciki. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, mai shok da aka ɗauka a motar haya babu oksijin babu ma'aikaci a gefensa na iya ƙarewa a hanya, don haka in likita ya ce a bari ya ɗan daidaita tukuna ba rainin wayo ba ne. A ɓangaren kuɗi, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, sai dai a aikace magani da oksijin da gwaji galibi dangi ke biya, kuma nan ne ake shawarar sayar da sa ko buhunan gero. Kafin a yanke, babban gida zai iya tsayar da likita ya tambaye shi kai tsaye, "Likita, daga jiya zuwa yau gaba ya yi ko baya? Sassan jiki nawa suka taɓu? Mi za a yi masa can da ba a iya yi nan?" Amsar waɗannan ta fi lambar kashi amfani wajen yanke shawara.

Wanda Allah ya tayar kuma, makin bai ce komai ba a kan bayan sallama, don yawancinsu mutuwa a asibiti ko cikin kwana 28 zuwa 30 kawai suke ƙirgawa. Da yawa sukan yi watanni da kasala da mantuwa da saurin gajiya, wasu ƙodarsu sai an ci gaba da bibiya, kuma haɗarin sake kwanciya a watannin farko yana da yawa. In tari ya ƙi tafiya bayan an gama magani, a koma a yi gwajin kaki na tibi, kyauta ake yinsa a cibiyoyin tibi na gwamnati.